Amsa Tambayar Tallata Haja a Ganawar Neman Aiki da Kamfanonin Giya da Lemo

A ganawar da kamfanonin abin sha ke yi da masu neman aikin sayar da kaya, akwai wata tambaya da ta bambanta da sauran, domin ba bayani ake nema a cikinta ba, aikin kansa ake so a gani. Ɗaya daga cikin masu tantancewa yakan ajiye kwalba ko gwangwani a gaban mai neman aikin, ya ce masa ya ɗauka shi mai shago ne ko mai otal, ya sayar masa da wannan kaya cikin 'yan mintuna. Wannan ita ce tambayar tallata haja, wato gwajin da ake kwaikwayon ciniki a cikinsa don a ga yadda mutum ke tunani idan yana gaban mai saye. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi fice a jarrabawar rubutu a nan suke faɗuwa, ba don rashin ilimi ba, sai don sun ɗauka zaƙin baki ake aunawa, alhali kuwa abin da kamfani ke son sani shi ne ko mutumin ya fahimci yadda ɗan kasuwa ke samun ribarsa, kuma ko zai iya saurare kafin ya buɗe baki.

Kafin a shiga dabarun amsar, ya kamata a san irin kamfanonin da ake magana a kansu, domin a Najeriya masana'antar giya da ta abin sha na malt, wato wanda ake yi da tsiron hatsi ba tare da barasa ba, a hannun kamfanoni ɗaya suke. Nigerian Breweries, wanda aka kafa a 1946 kuma ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, shi ne mai Maltina tun 1976, shi ne kuma mai Amstel Malta da Fayrouz, kuma kamfanin Heineken na ƙasar Holan ne ke riƙe da kaso mafi girma na hannun jarinsa. Guinness Nigeria, wanda ya gina masana'antarsa a Ikeja a farkon shekarun 1960, shi ne mai Malta Guinness, kuma a 2024 kamfanin Diageo ya sayar wa kamfanin Tolaram kason da yake da shi a cikinsa. Na ukunsu shi ne International Breweries, da ke ƙarƙashin kamfanin AB InBev, mai Trophy da Hero da Beta Malt da Grand Malt. Alaƙar waɗannan kamfanoni da Arewa ba sabuwa ba ce: Nigerian Breweries ya buɗe masana'anta a Kaduna tun 1963, kuma bayan gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 masana'antun sun koma ga dawa da masara, waɗanda mafi yawansu daga gonakin Arewa suke fitowa. Mai neman aikin da ya san wannan tarihi, ko da a taƙaice, ba zai kira kayan wani kamfani da sunan wani ba, kuma wannan kuskure ne da yakan kashe ganawa tun ba a yi nisa ba.

Akwai kuma batun da bai dace a kauce masa ba. Musulunci ya haramta shan giya da sayar da ita, kuma jihohin Arewa 12 da suka ɗabbaƙa Shari'a daga shekarar 2000, bayan Zamfara ta buɗe hanya, sun taƙaita ko sun hana cinikinta, har hukumar Hisbah a Kano takan lalata kwalaben da ta kama. Saboda haka wanda imaninsa bai ba shi damar taɓa wannan ciniki ba, ya kamata ya warware matsayinsa tun kafin ya aika takardar neman aiki, ya tambayi malaman da ya yarda da su, ya kuma bincika ko guraben da aka tallata na sashen kayan da ba su da barasa ne kaɗai ko kuwa jami'in sayarwa zai ɗauki dukkan hajar kamfanin, domin a wurare da yawa mutum ɗaya ne ke kai duka. Gara a yi wannan tambayar a fili a ranar ganawa da a karɓi aiki a zo ana ƙyamarsa daga baya. Duk abin da za a bayyana a nan kuwa yana aiki daidai a kamfanonin lemo zalla, irin su Nigerian Bottling Company mai Coca-Cola da Seven-Up Bottling Company, da kamfanonin ruwa da madara, domin hanyar da kaya ke bi daga masana'anta zuwa shago iri ɗaya ce.

Kuskure na farko, kuma mafi yawa, shi ne rashin gane wanda ake sayar wa. Da zarar an miƙa wa mutum kwalba sai ya fara yabon ɗanɗanonta da sanyinta da kyan takardar da ke jikinta, kamar yana magana da wanda zai sha. Amma jami'in sayarwa ba ya hulɗa da mai sha sai nadiran. Kaya na fita ne daga masana'anta zuwa hannun babban dila, wato ɗan kasuwar da kamfani ya ba wa izinin rarraba hajarsa a wani yanki, daga nan zuwa 'yan sari, daga su kuma zuwa masu sayar da ɗai-ɗai. Su ma masu sayar da ɗai-ɗai kamfanoni sun kasa su gida biyu: wuraren da ake saye a sha a nan take, kamar otal da gidan abinci da mashaya da wurin biki, da kuma wuraren da ake saye a tafi da shi, kamar shagon unguwa da tireda da manyan kantuna. Buƙatun waɗannan mutane ba ɗaya ba ne. Dila yana tunanin tirela nawa zai juya a wata da kuma kuɗin da ya maƙale a hannun masu bashi. Mai gidan abinci yana tunanin abin da zai sa baƙo ya ƙara zama ya ƙara saye. Mai tireda kuwa jarinsa ƙanƙane ne, wurinsa matsattse, kuma duk kiret ɗin da ya ajiye ya tare wurin wani kaya. Don haka abu na farko da ya dace mai neman aiki ya yi shi ne ya tambayi masu tantancewa, cikin ladabi, wane irin ɗan kasuwa suke wakilta kuma a wane gari yake. Wannan tambaya ba alamar rauni ba ce; ita ce shaidar farko cewa mutumin ya san akwai bambanci.

Bayan an san mai sayen, sai gaisuwa da gabatar da kai a taƙaice, sannan tambayoyi. Masana harkar sayarwa sun daɗe suna nanata wannan tsari, kuma Neil Rackham, a littafinsa na 1988 mai suna SPIN Selling, ya gina hanyarsa a kan tambayoyi iri huɗu: na halin da mai saye ke ciki, na matsalar da ke damunsa, na abin da matsalar ke jawo masa, da na amfanin da zai samu idan an warware ta. Ba lallai ne mai neman aiki ya ambaci littafin ba, kuma ambaton sunaye don burge mutane ba ya ƙara maki. Abin da ake so shi ne a ga tsarin a cikin maganarsa. Idan an ce masa mai shagon unguwa ne a gabansa, zai iya cewa: "Ranka ya daɗe, a cikin kayan sanyin da kake da su wanne ya fi fita, kuma kamar kiret nawa kake sayarwa a mako?" Daga amsar sai ya bi da wata: "Akwai ranar da kwastoma ya zo nema ya tarar ya ƙare?" Idan mai shagon ya ce hakan na faruwa a ƙarshen mako, to an samu ƙofa, domin kowane kwastoma da ya juya ya tafi shagon maƙwabci ba lemo kaɗai ya saya a can ba, har da burodi da sukari da sabulu. Tambayoyi biyu ko uku masu ma'ana sun wadatar a ganawa, saboda lokacin gajere ne, kuma wanda ya mayar da gwajin tamkar binciken 'yan sanda shi ma ya kauce hanya.

Zuciyar amsar ita ce lissafi, kuma a nan ne ya dace mai shiri ya fi ba da lokacinsa. Ɗan kasuwa yana duba abubuwa biyu a tare: ribar da ke kan kowane kiret, da saurin fitar kayan. Sabon shiga yakan riƙe na farko ya manta na biyu, alhali na biyun ne yakan yanke hukunci. A ɗauka, don misali kawai, wani kaya yana bar wa mai shago ribar naira 600 a kiret amma kiret 2 yake sayarwa a mako, wani kuma ribarsa naira 400 ce amma yana fitar da kiret 5. Na farko ya kawo naira 1,200 a mako, na biyu ya kawo naira 2,000, kuma kuɗin da aka zuba a na biyun ya dawo hannu da wuri har an sake juya shi. Mai neman aikin da ya iya yin irin wannan lissafi da baki, a natse, da alƙaluman da mai shagon ya ba shi, ya riga ya nuna abin da takardar shaidar digiri ba za ta nuna ba. Ya kamata kuma ya san ma'aunin kayan: kiret ɗin manyan kwalaben giya masu santilita 60 yakan ɗauki 12, na ƙananan kwalaben malt masu santilita 33 kuma 24, don haka ribar kiret da ribar kwalba ba abu ɗaya ba ne, kuma mai tireda da kwalba yake lissafi. Idan bai san farashin ranar ba, kada ya ƙirƙira. Ya ce zai yi misali da adadi kaza, ko ya tambayi mai shagon nawa yake sara kuma nawa yake sayarwa. Masu tantancewa sun san farashin kayansu sarai, kuma adadin ƙarya da aka faɗa da ƙarfin hali ya fi shiru muni a wurinsu.

Akwai wasu abubuwa uku na wannan sana'a da ba a samun su a tallar waya ko ta inshora, kuma ambaton su a inda ya dace yana bambanta wanda ya leƙa kasuwa da wanda ya karanta a intanet kawai. Na farko shi ne kwalbar da ake mayarwa: kwalba da kiret dukiyar kamfani ce da ake wankewa a sake cikawa, sabon mai shago kuma sai ya ajiye kuɗinsu kafin a ba shi kaya, wanda hakan ke ƙara nauyin jarin farko, don haka wani lokaci gwangwani ko gorar roba ce ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ko wanda ke nesa da dila. Na biyu shi ne sanyi. A ƙasar da zafi ke da tsanani kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, kayan da ba su yi sanyi ba kwantai suke yi, wato su zauna ba mai saye, kuma firjin da kamfani ke ba wa shago aro ne bisa sharaɗin a cika shi da kayan kamfanin. Tambayar ko mai shago yana da janareto ko sola ko ƙanƙara yake saye tana da nauyi fiye da kowane kirari. Na uku shi ne wa'adin lalacewa, wanda ke sa a koya wa mai shago ya fara fitar da tsohon kaya kafin sabo, a kuma guji cusa masa abin da ba zai iya sayarwa ba. Jami'in da ya loda wa shago kaya don ya cika adadin da aka ɗora masa a wata zai samu yabo sau ɗaya, amma idan kayan suka lalace a hannun mai shagon ya rasa shi gaba ɗaya.

Mai tantancewa ba zai amince da sauƙi ba, domin ƙin amincewar wani ɓangare ne na gwajin. Yakan ce kayan sun yi tsada, ko ya ce yana da na wani kamfani kuma ya gamsu da su, ko ya ce sai dai a ba shi bashi. Batun tsada gaskiya ne ba wasa ba: harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi ya fara aiki a 2022, kuma faɗuwar darajar naira bayan an bar kasuwa ta yanke farashinta a watan Yunin 2023 ta jawo wa manyan kamfanonin asara mai yawa tare da ƙarin farashi a kai a kai. Saboda haka musanta tsadar rashin hikima ne. Abin da ya dace shi ne a amince da ita, sannan a mayar da maganar kan ribar mako da kuma zaɓin ƙaramin ma'auni ko kaya mai rahusa daga cikin hajar kamfanin. Abin da bai dace ba, kuma da yawa ke faɗawa cikinsa, shi ne gaggawar yin rangwame ko alƙawarin garaɓasar da ba a ba mutum ikon yi ba. Wanda ya zaftare farashi a minti na farko ya nuna wa kamfani cewa da dukiyarsa zai riƙa sayen farin jini. Game da kayan abokan gasa, ɓata su ba ya amfani, domin mai shagon da ya shekara yana cin riba da su zai ji kamar hankalinsa ake rainawa. Ya fi kyau a ce: "Alhaji, ba cewa ake ka ajiye nasu ba, akwai masu zuwa neman wannan, a bar musu kiret biyu a gani." Bashi kuwa yana da ƙa'idojinsa a kowane kamfani, kuma amsar da ta fi aminci ita ce a ce za a fara da kaɗan a biya nan take, idan hulɗa ta yi ƙarfi a kai maganar ga dila ko shugaban yanki.

Daga nan sai rufe ciniki, wanda shi ne matakin da kunya ke hana mutane da yawa takawa. Wasu sukan yi bayani mai kyau, su amsa kowane ƙorafi, sannan su yi shiru suna murmushi suna jiran mai saye ya ce a kawo. Ba a barin ciniki a buɗe haka. Dole ne a nemi oda a fili, da adadi da rana: kiret nawa, yaushe za a kawo, yaushe jami'in zai dawo ya duba yadda suka fita. Idan mai tantancewa ya ƙi har ƙarshe, ba faɗuwa ba ce, matuƙar mai neman aikin ya nemi izinin dawowa a wata rana takamaimai kuma ya yi sallama da mutunci, domin wani lokaci da gangan ake ƙi don a ga ko zai fusata, ko zai yi magiya, ko zai riƙe natsuwarsa.

Inda kayan da aka miƙa masu barasa ne, akwai wani tarko na daban da ya shafi doka. Ana iya tambayar mutum yadda zai ƙara ciniki a kusa da makarantar sakandare, ko yadda zai sa mai mashaya ya ƙarfafa wa baƙi su ƙara sha, ko kuma a saurara a ji ko zai ce kayan na ƙara ƙarfi ko lafiya. Amsar da ake nema ita ce ƙi. Ba a tallata barasa ga wanda bai kai shekara 18 ba, ba a danganta ta da magani ko ƙarfin jiki ko nasara a rayuwa, ba a haɗa ta da tuƙi, kuma hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna da hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace suna da hurumi a kan abin da ake faɗa game da ita, baya ga ƙa'idojin cikin gida da manyan kamfanonin suka gindaya wa ma'aikatansu. Haka nan wanda aka tambaya yadda zai shigar da giya jihar da dokarta ta hana, amsarsa ita ce ba zai yi ba, kuma a irin wannan yanki kayan da ba su da barasa ne hajarsa. Ko a kan malt ma ya kamata a kiyaye harshe, domin abin sha ne mai sukari, kuma kiran sa maganin ƙarin jini, kamar yadda ake yi a bakin titi, da'awa ce da jami'in kamfani ba shi da hujjar yin ta.

Tambayar tallar takan zo da 'yar rakiya, wato a ce mutum ya ba da labarin lokacin da ya shawo kan mai saye mai taurin kai. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne a faɗi halin da ake ciki, da abin da aka ɗora wa mutum, da matakin da shi kansa ya ɗauka, da sakamakon da aka samu, da adadi idan akwai. Wanda bai taɓa aikin kamfani ba kada ya raina abin da ya yi: tsaron shagon mahaifi, ko sayar da katin waya a makaranta, ko kai kayan wata 'yar uwa ofisoshi ana biya a ƙarshen wata, duk ciniki ne na gaske, kuma labarin gaskiya ƙarami ya fi ƙagaggen labari babba, domin tambaya ta biyu ko ta uku takan tona ƙage.

Shirin da ya fi kowanne amfani ba a ɗaki ake yin sa ba. Kwana biyu ko uku kafin ganawar, mai neman aikin ya zaga shaguna da gidajen abinci na yankin da ake neman jami'i dominsa, ya sayi wani abu, ya tambayi masu su abin da ya fi fita da abin da ke kwantai, nawa suke sara, wane dila ke kawo musu, sau nawa jami'in kamfani ke leƙo su, kuma me ya fi ɓata musu rai a hulɗarsu da kamfanonin. Ya duba firji ya ga kayan wa ke sama daidai ido, na wa ke ƙasa. Sannan ya samu wani ya zauna a matsayin mai shago, su maimaita cinikin da agogo har amsar ta tsaya tsakanin minti biyu zuwa uku ba tare da ta zama hadda ba. Ganawar kanta galibi da Turanci ake yin ta, amma cinikin kasuwa a Kaduna da Jos da Yola da Hausa ake ƙulla shi, don haka wanda ya iya Hausa da Turancin kasuwa, ko wani harshen yankin, ya faɗi haka a fili, kuma idan an ba shi dama ya yi wani ɓangare na tallar da harshen da zai yi amfani da shi a bakin aiki.